Yadda Shawara Ta Fita Ta Yatsana

Duk wanda ya gan ni a kasuwar Mayahi cikin bazara, rana tana neman narkar da buta, ni kuwa ina tafe da takalmi sau-ciki har da safa, sai ya ɗauka an ba ni kujera a biron prefe, ofishin shugaban yankinmu. Abokan shan shayina har sun laƙaba mini Mushe Darekta, wato Yallaɓai Darekta, in na iso su miƙe tsaye su sara mini. Ni ma nakan amsa da hannu ɗaya, yadda manya suke yi. Gaskiyar maganar ba kujera aka ba ni ba, yatsa aka karɓe mini. Na kusa da babban yatsan ƙafar dama, wanda yake taya shi riƙe igiyar takalmin soso. Tun da ya tafi, in na sa takalmin soso na ɗaga ƙafa, takalmin sai ya riga ni isa inda za ni.

Ni tela ne, kuma kekena na ƙafa ne. Lantarkin garinmu baƙo ne mai kunya, ya leƙo ya gaishe ku ya koma, shi ya sa ban taɓa yarda in jingina abincin gidana da shi ba. Ƙafar dama ita ce take juya keken, keken yake juya tukunya. Hannu da ido masu taya ta aiki ne kawai. Wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane abin da ya sa na yi shekaru ina ba da labarin yatsa ɗaya kamar wanda ya rasa raƙumi ba.

Abin ya faro ne daga gonar gado da muke da ita wajen Attantané. Da damina na je duba masu noma, ina tafe ina nuna musu aiki da baki, aikin da na fi ƙwarewa a kai, sai kututturen karan geron bara ya shige mini tsakanin yatsu. Na yi abin da duk namiji mai hankali yake yi: na zare shi, na barbaɗa ƙasa, na ɗaure da ƙyalle. Tela ba ya rasa ƙyalle. Na yi ta canza wa ciwon kaya, yau shadda gobe atamfa, har ya fi ni ado, amma ya ƙi rufewa. Da uwar yara ta ga ina taka keke ina cije leɓe, ta tsaya mini a kai sai da na tafi likita.

Majo, wato babban mai jinya na likitar unguwarmu, mutumina ne, ni nake ɗinka masa fararen rigunan aiki. Ya kwance ƙyallen, ya dubi ciwon, ya dube ni, ya tambaye ni ko ƙasar da na zuba ta fito da gero. Sannan ya tsaga mini ɗan yatsan hannu ya ɗiga jini a wata ƴar na'ura. Ya ce sukarin da ke jinina, in da za a ɗiga shi a butar shayi, da fadarmu ta shan shayi ta huta da sayen sukari har ƙarshen shekara. Shi ne ya hana ciwon warkewa. Ya ce in bar zaƙi, in riƙa zuwa kullum da safe a wanke ciwon a yi mini allura, kuma in na yi wasa ƙafar ce za ta biya. Yana rubuta ordinansi, wato takardar magani, yana cewa, "Bon, kai kana yanka yadi, mu ma nan muna da almakashi. Kada ka sa mu gwada maka namu." Maganin allurar sai an karɓo daga farmasi, don haka muka yi da shi a fara washegari.

Da yamma wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwarsa. Tana zaune a wani ƙauye can arewa da Issawane, inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake a gindin gawo ɗaya tak bisa tudu, kuma ko a nan sai iska ta ga dama. Ta ari wayar maƙwabci don ta ji labarin gona. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take ce mini, ko da za ta zage ni. Ta ce ta ji an ce ina ɗingishi. Na ce mata ba komai, na je likita, majo ya duba ni ya ba ni shawara, gobe za a fara allura.

Rezo ya zaɓi abin da zai ci ya ci. Ya haɗiye "ba komai", ya haɗiye "ya ba ni", ya miƙa wa Gwaggo kalmomi uku lafiya lau: majo, shawara, allura. Na ji ta yi salati, waya ta mutu.

Shawara a bakinmu iri biyu ce, kowa ya sani. Akwai ta baki, wadda ake ba ka kyauta ko ba ka tambaya ba. Akwai ta jiki, ciwon nan mai mayar da ido ruwan ɗorawa. Kuma tun muna yara mun haddace doka ɗaya game da ta biyun, ba a lakwal ba, ba a makarantar allo ba, a bakin tsofaffi: mai shawara ba ya haɗuwa da allura. In an soke shi, sai dai a nemo likkafani. Za ka samu mutum ya yi boko har ya gaji, yana Faransanci har cikin mafarki, amma ranar da idonsa ya sauya launi zai ɓoye wa likita hannunsa.

Washegari ina neman hulata zan fita, na ji sallama. Gwaggo ce tsaye a ƙofar gida, da ƙunshi a ka wanda ya fi ta girma. Yadda ta yi ta samo mota daga can har ta riga allura isowa, har yau ban sani ba. Matar da in an gayyace ta suna takan iso yaron ya fara rarrafe. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ajiye kaya, ta kama haɓata, ta ja ni cikin rana, ta sa babban yatsa ta janye fatar idona ƙasa kamar mai taya akuya a kasuwa. Ta duba na dama, ta duba na hagu. Fari tas. Na yi murmushi, na ce to kin gani.

Ta saki fuskata ta ce, "Hwara ce."

Ashe akwai farar shawara. Ita wannan ba ta fitowa a ido, ciki take shigewa ta yi lamo, kuma ta fi mai launin mugunta. Wato in idonka ya yi ɗorawa kana da ita, in ya yi fari kana da babbarta. Na tsaya ina tunanin wane launi ya kamata idon mutum ya yi kafin a sallame shi, ban samo ba.

Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce shawarar da na faɗa ta baki ce, irin wadda ita ma take ba ni kullum, ciwona a ƙafa yake, ga shi ma ta gani. Ta leƙa ƙafar sama-sama. Ta ce wannan ɗan aike ne, uwar tana ciki. Game da bayanina kuwa, ta ce duk mai ita haka yake musu, ciwon ne yake magana da bakinsa. Na juya wurin uwar yara ko za ta sa baki. Uwar yara tana durƙushe tana kallon ƙasa, kamar an ce mata an ɓoye zinariya a tsakar gidan. Ba laifinta ba ne. Matar da ta goyi mijinki ba ki ja da ita ranar da ta sauka, ko gobe, ko baɗi.

A nan wani zai ce, to kai da gemunka, me ya hana ka ɗauki hularka ka wuce? Mai wannan tambaya bai taɓa ganin Gwaggo zaune a bakin zaure ta miƙe ƙafafu ba. Sai ka tsallake ta za ka fita, ni kuwa ba a haife ni da wannan ƙarfin ba. Ban da haka, ni da allura mun san juna a wurin aiki, na soki kaina da ita har yatsun hannuna sun zama rariya, amma wadda ake cewa ka juya ka sassauta wando daban take. Sannan can ƙasan cikina wani ɗan tsoro ya ɗago kai yana tambaya: in fa majo bai duba da kyau ba? In fa fara ce da gaske? Na ce bari in ba ta kwana kaɗan ta huce, ƙafa ba gudu za ta yi ba.

Abu na farko da ta yi shi ne kwashe allurai. Na ɗauka ta likita kaɗai dokar ta hana. Gwaggo ta ce allura allura ce, ciwon ba ya tambayar wanda ya riƙe ta. Ta sa na ba da makullin shago, ta je da kanta ta tsaya aka kwance ta jikin keke. Ta tattara na cikin gwangwani, ta zare wadda nake soke wa a wuyan riga, ta karɓe ta uwar yara, har basillar ɗinkin buhu ba ta tsira ba. Ta ƙulle su a tsumma ta kai ajiya gidan maƙwabta. Gidan tela ya wayi gari ko maɓalli ya tsinke sai dai a yi haƙuri.

Sai magani. Ƙunshin nan rawaya ce, saiwar da ake dakawa ta zama gari mai launin ƙwaiduwa. Rawaya a kunu, rawaya a fura, rawaya a ruwan sha, rawaya a ruwan wanka. Da hantsi tafasasshen ganyen gwanda, mai ɗacin da yake sa mutum ya tuna laifuffukan da bai ma aikata ba. An hana ni mai, an hana ni nama, an hana ni gishiri. Ba a jima ba harshena ya rine, haƙorana suka rine, farar rigata ta rine, kwanon da nake sha da shi ya rine. Gwaggo ta dube ni cike da gamsuwa ta ce ga ta nan ta fara fitowa fili. Maganin yana shafa mini launin ciwon, launin kuma yana tabbatar da ciwon. Ban taɓa ganin sana'ar da ba ta faɗuwa irin wannan ba.

Amma kada in zalunce ta, akwai rake. A ilimin Gwaggo babu abin da yake wanke shawara kamar zaƙi, don haka ta sa aka riƙa sayo mini rake dami-dami. Majo ya ce in bar sukari, Gwaggo ta ce in sha rake. Na auna maganar masana biyun da adalci, na ga a wannan fanni Gwaggo ta fi zurfin karatu. Ina kwance a inuwa, ƙafa bisa matashi, ina tsotsa ina tofarwa, ɓawon ya taru gefena har kaji suna hawa su hango gari. Ita ƙafar kuwa garin bagaruwa ake barbaɗa mata safe da yamma, yadda ake sallamar ɗan aike.

Labari ya zaga gari cewa tela yana kwance da shawara, sai ƴan dubiya suka ɓarke. A nan ne na kamu da ita da gaske, ta bakin. Mahaucin layinmu ya ce in sha romon kan rago ba gishiri, kuma ya san inda ake samun kan. Wani direba ya ce ciwon ƙafa ba ya wuce man birki, shi da shi ya warkar da kansa, ya nuna mini tabon, wani rami da za a iya ajiye goro a ciki. Mai maganin da yake yawo da lasifika ranar kasuwa ya shigo har tsakar gida da kwalba ɗaya mai maganin shawara da basir da ciwon baya da mantuwa da rashin ciniki. Wani tsohon mushen lakwal, wato malamin boko, ya yi mini dogon jawabi da Faransanci a kan hanta, ya ce jahilci ne yake kashe mu, da zai tafi ya sunkuyo ya raɗa mini cewa duk da haka kada in yarda da allura. Masu kaya a shagona su ma sun zo. Sukan yi mini sannu da baki, idonsu yana kan ƙafar, suna lissafin ko za ta tashi kafin bikin da suka yanka wa yadi.

Ƙafar ba ta tashi ba, kumbura ta yi. Ta cika ta yi sheƙi kamar an shafa mata man shanu, yatsan ya fara duhu, zafin yana hawowa ƙwauri. Ƙudajen unguwa suka bar mahauta suka dawo gidana. Uwar yara, da yake ba ta iya magana da baki, sai ta koma yi da tukwane, kowane murfi ta ajiye sai an ji a maƙwabta. Wata rana Gwaggo ta zaga alwalar azahar, ta matso kusa da ni kamar mai ɗaukar kwano, ta ce ƙasa-ƙasa, "Baban yara, ka sunkuya ka shaƙi ƙafarka kuwa? Rake za mu ci in ta tafi?" Ta ɗauki kwanon ta wuce. Na sunkuya. Ban ƙara tsotsar rake da daɗi ba.

Majo ne ya kawo kansa. Ya je shago karɓar rigarsa ya tarar da kwaɗo, aka ce masa ai tela shawara ta kwantar da shi. Ya shigo da sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Gwaggo gaisuwa mai kyau, har da tambayar dabbobi da ruwan bana. Sannan ya juyo ya gan ni, rawaya tun daga leɓe har farce, ga tudun ɓawon rake. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, idonsa ya sauka kan ƙafar, ya rufe. Ya danna nan, ya danna can, ya tambaye ni ko ina ji. Wani wurin ina ji har ƙwaƙwalwa, yatsan kuwa kamar na maƙwabci ake taɓawa. Ya ce abin ya wuce likitarsa, sai babban gidan likita, kuma yau, ba gobe ba. In an yi sa'a yatsa, in an ƙara kwana ƙafa.

Gwaggo ta ce ba inda za a kai mai shawara a soke shi. Majo ya bi ta a hankali. Ya ce shi ma da rawaya aka raine shi, har gobe uwarsa tana aiko masa, ba ya raina ta. Amma mutumin nan ba shi da shawara, ba fara ba, ba ja ba. Ta ce ai daga bakinsa maganar ta fito.

Ya ce, "Iya, ni na ba shi shawara, amma..."

Ta ce, "Au, kai ma ka ba shi ita? To ka ba shi, ka kuma biyo shi gida ka soke shi?"

Na yi dariya har ƙafar ta amsa. Majo ya dafe kai. Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama, ta juyo gare ni, ta yi maganar da ban taɓa ji daga bakinta ba duk tsawon zamana da ita. Na san mahaifina ya rasu ina ƙarami, an ce ciwon ciki. Ta ce shawara ce. Idonsa ya yi kamar an zuba masa ɗorawa, jikinsa ya saki, suka ɗora shi a amalanke suka kwana suna tafiya zuwa likita. Ita ta riƙe kansa a cinyarta. Da hantsi aka yi masa allura, kafin la'asar an rufe masa fuska. Ta dawo ƙauye da rigarsa, ta ɗauke ni ta goya.

Majo ya ce a hankali, mai yiwuwa ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa kafin su isa, da allura da babu. Ta ce mai yiwuwa. Ita dai abin da idonta ya gani ke nan.

Har tukwanen uwar yara suka daina ƙara. Duk kwanakin nan ina ɗauka da tsohuwa mai taurin kai nake fama, ashe ita gadin ƙofa take yi kada a sake fita da wani a amalanke. Sai dai ƙafar ba ta san wannan tarihi ba, zugi kawai take yi. Na dubi majo, na dubi uwar yara, ba wanda zai faɗa a madadina.

Na ce, "Gwaggo, ƙafar nan ita ce keke, keken shi ne gidan nan. In na zauna za a yanke ta. Zan tafi a yi mini allurar."

Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta da carbi da ɗan ƙullin rawaya.

Ta ce, "Ba ka tahiya kai ɗaya, Babana. Wancan ma ni na raka shi."

Motar wani maƙwabci ta kai mu. Aka kwantar da ni, aka rataya ledar ƙarin ruwa, wata ma'aikaciya ta zo da allura a faranti. Gwaggo ta kama ɗaya hannun nawa ta riƙe, riƙon da ko ɓarawo aka yi wa sai ya amsa laifinsa. Ni kuwa duk jarumtar da na yi a gida ta tsaya a gida. Na yi kalmar shahada, na bar wasiyya a kan babban almakashina, na yafe wa duk wanda ya taɓa cewa na cinye masa yadi. Ma'aikaciyar ta ce in na gama in gaya mata, don ita ta riga ta gama. Na kwanta ina jiran mutuwa. Na ji wani abu yana motsi a cikina, na ce to ga ta nan. Yunwa ce.

Gwaggo ba ta saki hannuna ba. Jim kaɗan ta ce Babana, in ce na'am. Jim kaɗan ta sake. In na lumshe ido sai ta mintsine ni. Marasa lafiyan da ke ɗakin har sun haddace, wani dattijo mai karyayyen ƙugu ya fara taya ni amsawa. Haka muka yi har aka kira la'asar. Ta saurari kiran tun daga farko har ƙarshe, idonta a kaina. Da ladan ya yi shiru ta sake cewa Babana, na ce na'am, Gwaggo, kuma da za a samu ɗan tuwo da na gode. Ta saki hannun. Ta fita ta yi salla, sallar da ta fi ta kullum tsawo nesa. Da ta dawo idonta ya yi ja, ta zauna ta kakkaɓe zani, ta sanar da ɗakin gaba ɗaya cewa rawaya ta yi aikinta. Ba don ta riga ta kori shawarar daga jini ba, da allurar nan ta same ta a hanya.

Yatsan bai tsira ba. Washegari likita ya cire shi, ya ce in gode wa Allah da abin ya tsaya nan. Da aka buɗe bandeji na ga ɗinkin, na ce masa da ni na yi wa mai kaya irin wannan da an kai ni gaban mai gari. Ya ce in na iya in farke in sake. Gwaggo kuwa ta samu cikon bayaninta. Ta ce rawaya ta koro shawarar daga ciki, ta bi ta ƙwauri, ta matse ta a yatsa ɗaya ta rasa hanyar gudu, likita ya zo ya datse ta a nan. Ta yaba masa, ta ce yaron yana da hannu, aikin gamawa ya iya shi. Likitan ya buɗe baki, na girgiza masa kai, ya rufe. Ta karɓi yatsan a ƙunshe ta sa aka binne shi yadda ya kamata. A ƙauyensu yanzu ba a maganar farar shawara sai an kawo misali da ni.

Da na koma gida ta je da kanta ta karɓo ƙullin allurai, ta miƙa mini. Sai da ciwon ya rufe sarai na buɗe shago. Na ɗaura allura, na zura zare, na ɗora ƙafar a kan mataki ina jin gurbin yatsan kamar an cire haƙori. Na ɗauko wani zanen Gwaggo da bakinsa ya zare, na sa a ƙarƙashin allura, na taka. Keken ya yi tari, ya yi gardama, sannan ya kama waƙarsa. Layin farko ya ɗan karkace kamar hanyar Issawane, na biyu ya miƙe. Uwar yara tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon abinci, ta ajiye shi a hankali, murfin ko ƙara bai yi ba.

Yanzu ina haɗiyar ƙwayar sukari kullum, ina shan shayi salam kamar mai zaman makoki, rake kuwa sai dai mu gaisa daga nesa a kasuwa. Rawaya tana nan a miyarmu, don ko majo ya ce ba ta da laifi a tukunya. A waya dai na bar faɗin kalmar shawara. In wani ya ba ni ita, sai in ce ya yi mini magana.

Ranar da Gwaggo za ta koma, mun kai ta tasha ta riga ta shiga mota, sai ta miƙo mini sauran ƙullin rawayar ta taga. Na ce ai na warke. Ta ce ba nawa ba ne, in kai wa majo. Tun ranar da ya durƙusa gaishe ta take lura da idonsa, farin ya yi yawa. In gaya masa ya riƙa sha a kunu, kuma ya yi nesa da allura.